Zaren da ke ɗaukar lantarki: abin da na gani bayan wata uku ina saƙa da shi

Ranar da ƙunshin ya iso, da na buɗe shi sai jikina ya yi sanyi. Dunƙule biyu ne na zare mai ruwan toka, ba kyau ba ƙyalli, in ka gan shi a yashe sai ka rantse tsohuwar safa aka warware. Takardar da ke manne a jikinsa ta ce kashi 80 foliyesta ne, kashi 20 kuma siraran silin ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Na yanko kamar kamu ɗaya, na maƙala masa mitar awon lantarki a kai da gindi, lamba ta fito. Na ja shi da hannu biyu, lambar ta faɗo ƙasa warwas. Na sake shi, ta hau. Na fi rabin awa a zaune ina ja ina saki kamar yarinyar da aka saya wa sabon abin wasa.

Ni ɗalibar dizayin ce, kuma a zangon da ya wuce an ba mu aikin ƙera wani abu da zai amsa taɓawar mutum da sauti. Yawancin 'yan ajinmu maɓallai da fitilu suka nufa. Ni kuwa abin da hannuna ya iya tun ina ƙarama shi ne saƙa da kibiya biyu, wadda yayata ta koya mini da haƙuri da ɗan ranƙwashi. Kod, wato rubuta wa kwamfuta umarni, sai bara na fara taɓa shi. Na ce bari in haɗa abin da na iya da abin da nake rarrafe a cikinsa, in ga ko ɗaya zai ɗauki ɗaya.

Yadda zaren yake aiki ba wani siddabaru ba ne. Silin ƙarfen gajeru ne, an murɗe su tare da foliyestan. In zaren yana sake, nan da can kawai suke taɓa juna, wuta sai ta sha wuya kafin ta ratsa. In aka ja shi, sai su matsu, hanyoyi su yawaita, turjiyar ta ragu. A cikin saƙa abin ya fi haka armashi, domin kowane ido, wato madaukin zare, yana rataye ne a wuyan ɗan'uwansa, kuma duk mahaɗar ido biyu wata ƙofa ce da ke buɗewa in an ja.

Na ɗora ido 20, na yi layi 60, na samu ɗan ƙyalle mai faɗin tafin hannu. A kwance yana nuna om dubu 40 ko kusa da haka (om shi ne ma'aunin turjiya), in na miƙe shi sosai ya sauko wajen dubu 3. Allon da na haɗa shi da shi Arduino Uno ne, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, wanda aka fara ƙera danginsa a 2005 a wata makarantar dizayin da ke Ivrea a Italiya, musamman don ɗalibai irinmu da ba injiniyoyi ba. Yana da ƙofofi shida, A0 zuwa A5, da ke karanta ƙarfin wuta daga sifili zuwa bolt 5 su mayar da shi lamba tsakanin 0 da 1023. Ba ya auna turjiya kai tsaye, sai an yi masa dabara: saƙar a tsakanin bolt 5 da A0, sannan rezista, wato ɗan abu mai tsayayyiyar turjiya, mai om dubu 10 daga A0 zuwa ƙofar da ke kan sifili, su raba wutar a tsakaninsu. Da na yi haka, lambobi suka fara zubowa a fuskar kwamfuta, wajen 200 in an bar ƙyallen, kusan 790 in an ja. Daga nan na tura su cikin Pure Data, manhajar sauti ta kyauta da Miller Puckette ya rubuta a shekarun 1990, wadda ba a cika rubutu a cikinta ba, akwatuna ake jerawa a haɗa su da layuka kamar mai jan waya.

Sautin farko da ya fito kukan sauro ne, ba ƙari. Wadda muke ɗaki ɗaya da ita ta ɗago kai daga littafinta ta ce, "Ƙawata, don girman Allah ki kashe wannan sauron naki, gobe ina da jarrabawa." Ban ga laifinta ba. Lambobin ba sa tsayawa wuri ɗaya ko da ban taɓa komai ba: 204, 211, 198, 207, sautin kuma yana bin su yana karkarwa.

A nan ne zan faɗi aibun zaren, kuma suna da yawa. Ba ya komawa inda ya taso. In na ja shi zuwa 790 na saki, ba ya dira a 200, sai ya tsaya wajen 260 ya yi ta gangarowa a hankali kamar mai jin nauyin tashi. Bayan ja ashirin ko talatin, wurin hutawar tasa ma ya gusa gaba ɗaya. Dalma ba ta kama shi, na ƙona yatsa sau biyu kafin in yarda, na koma ga maƙalai masu haƙora, daga baya na ɗinka masa maɓallan ƙarfe masu ɗanewa. Yana zubar da gashi, kuma gashin nan ƙarfe ne: wani sili da ido bai gani ba ya taɓa kwanciya a kan allon ya haɗe ƙofa biyu, na kwana ina zargin kod ɗina. Yana kuma ƙaiƙayi a fata, kada ma mutum ya yi tunanin saka shi a wuya ba shafi. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mai sayarwar bai rubuta ko kalma ɗaya a kan yawan turjiyarsa ba, kuma dunƙule na biyu da na gwada bai ba da lamba ɗaya da na farko ba, alhali takardarsu iri ɗaya ce.

Mako uku na yi ina yaƙi da waɗannan a cikin kod. Na sa allon ya riƙa karantawa sau 50 a daƙiƙa, ya tara karatu 30 na baya-bayan nan ya fitar da matsakaicinsu. Karkarwar ta mutu, amma sai ya zama in na ja ƙyallen, sautin yana ɗaukar fiye da rabin daƙiƙa kafin ya iso inda hannuna yake. Duk wanda ya taɓa kaɗa wani abu ya san wannan jinkirin ya isa ya raba hannu da kunne. Na rage, karkarwa ta dawo. Na ƙara, jinkiri ya dawo. Na tsare sautin a kan matakai biyar kacal tsakanin lamba 48 da 72 na tsarin MIDI, wanda a cikinsa 69 ita ce sautin da ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, don kada ya riƙa zamewa. Hakan ya rage muni, amma a bakin iyakar kowane mataki sai ya riƙa tsalle gaba da baya kamar mai shakkar tsallaka kwata.

Wadda ta warware mini ba ta san kod ba ko kaɗan. Malamar sashen saƙa da rini ce ta biyo ta ɗakin aikinmu, ta ɗauki ƙyallen, ta ɗaga shi saitin taga. Ta sa farce a wajen layi na goma sha biyar, ta haura zuwa na arba'in.

"Wannan da wannan ba hannu ɗaya ya yi su ba," in ji ta.

"Wallahi ni na yi duka, Malama."

"To rannan kina cikin fushi, rannan kuma kina jin barci."

Na karɓa na duba, haka ne. Ƙasan a matse yake tamau, saman kuma idanun sun buɗe har haske na wucewa. Rabin ƙyallen yana amsa ja tun daga farko, ɗaya rabin sai an kusa tsinka shi. Ta ce in bar saƙar lafiyayya mai fuska ɗaya, wadda dama gefenta ke nannaɗewa, in yi irin ta bakin hannun suwaita, biyu gaba biyu baya, domin ita ce ke komawa da kanta in an saki. Ta ce in sauko daga kibiya mai milimita 4 zuwa mai 3, in haɗa zaren ƙarfen da wani siririn zare mai roba in saƙa su tare, kuma in yi duka a zama ɗaya.

Na warware wancan, na yi sabo a yammaci guda, ina ƙirga numfashi kamar yadda nake ƙirga ido. Da na maƙala shi, lambar hutawa ta tsaya tana motsi da ɗaya ko biyu kawai. In na saki, cikin ƙiftawa ya dawo kusa da gida. Na koma kod na goge fiye da rabin abin da na rubuta a mako ukun nan, na bar matsakaicin karatu biyar, na ƙara layuka kaɗan da ke sa allon ya saurari ƙyallen na daƙiƙa uku duk lokacin da aka kunna shi, ya ɗauki abin da ya ji a matsayin sifili na wannan rana.

Duk wanda ya ji ina haɗa saƙa da kod sai ya kawo mini labarin Jacquard, Bafaranshen da a 1804 ya fito da masaƙa mai aiki da katuna masu huji, da yadda Charles Babbage ya ari dabarar katunan don injin lissafinsa. Daga nan sai a ce ai saƙar kibiya ma ido iri biyu gare ta, na gaba da na baya, kamar 0 da 1. Gaskiya ne, sai dai ta Jacquard saƙar masaƙa ce mai zaren tsaye da na kwance, tawa kuwa zare ɗaya ne ke bin kansa, harshenmu ne ya haɗa su a suna ɗaya. Kamannin da ni na gani da idona ya fi wannan ban haushi: idon da ya suɓuce a layi na 12 ba ka ganin ɓarnarsa sai a layi na 40, kamar dai waƙafin da ka manta a saman kod. Bambancin kuwa, kod in ka ce masa maimaita sau 60 zai yi su iri ɗaya sak, hannu ba zai taɓa yi ba, kuma wannan zaren yana tona asirin kowane layi.

Ɗan jinkirin komawar da ya rage, ban kashe shi ba. Tun a zangon farko na taɓa manna ɗan faifan fiyezo, irin wanda ke jin girgiza ba iska ba, a gindin kibiyata, na naɗi ƙas-ƙas ɗin da suke yi in suna haɗuwa. Wancan aikin bai je ko'ina ba, minti huɗu ne na ƙarar da ba wanda ya iya saurara har ƙarshe. Na tono shi, na jefar da matakan nan biyar, na sa jan ƙyallen ya riƙa juya saurin naɗin. In an bar shi, kibiyoyin na tafiya a natse. In an ja, sai su ruɗe da gudu har su zama kamar ruwa a kan kwano. In an saki, ba sa tsayawa cak, sai su yi ta lafawa sannu a hankali yadda zaren yake lafawa, kuma wannan wutsiyar ita ce abin da ya fi daɗi a aikin duka. Da na nemi rubuta ta da kod, ban san ta inda zan fara ba.

Wanda yake son awo na gaskiya, a ce an ja santimita kaza a samu lamba kaza yau da gobe, kada ya ɓata lokacinsa a kan wannan zare, ya nemi na'urar da aka ƙera don haka. Wanda kuma bai iya saƙa ba yana tunanin kod zai rufa masa asiri, na riga shi gwadawa. Amma mai saƙar da hannunta ya zauna, tana son abin da ta saƙa ya yi motsi da fitila ko lasifika, zan ce ta saya, ta fara da ɗan gwaji daga kowane dunƙule, ta ajiye mita kusa da ita, ta kuma rufe allonta a cikin kwali saboda gashin. Na wanke nawa sau ɗaya da hannu a ruwan sanyi, bai yi tsatsa ba, sai dai lambobinsa sun gusa, daƙiƙa ukun nan na farko suka gyara.

Ranar nuna ayyuka, mutane sun yi ta ja a hankali kamar masu tsoron kada ya yage, har wani ɗan aji ɗaya ya naɗe shi a hannu ya finciko da ƙarfinsa duka. Kibiyoyin suka yi wata irin ƙara da ban taɓa ji ba, ɗakin ya yi tsit, sannan aka fashe da dariya. Maɓalli ɗaya ya tsinke, na ɗinke shi a tsaye. Tun daga ranar ƙyallen ya ƙara tsawon yatsa guda bai koma ba, kuma saurin farkon ya ɗan yi kasala. Dunƙule na biyu yana nan da saura mai yawa, na riga na ɗora ido 48 a kibiyar zagaye, ina so in ga abin da gwiwar hannu za ta ce in an lanƙwasa ta.