Na kai tsohuwar fitilar gas ɗin Baba gyara a Garwa ta Kamaru, ga abin da na gani

Jama'a sallama. Wata uku kenan da karɓo fitilar nan daga wajen mai gyara, na ce sai na yi amfani da ita sosai kafin in ce wani abu. Fitilar marigayi mahaifinmu ce, irin mai famfo ɗin nan da masu tsire da masu shayi suke ratayawa da, ta fi shekara 20 a ɗakin ajiya cikin ƙura, sai da zafin bana kuran, wato wutar lantarki, ya dinga ɗaukewa na tuna da ita. Kuma gaskiya da wata manufa a raina, wani abokina a Marwa ya ce min turawa masu tara tsofaffin fitilu suna biyan kuɗi mai kauri in ta Jamus ce ta asali, tunda a hularta an rubuta Petromax ni har na fara lissafin sayen moto, wato babur.

Mai gyaran wani dattijo ne a bayan babbar kasuwa, rumfarsa duk tsofaffin risho ne da fitilun ƙwai. Ko kallon hular bai yi ba. Ya kifa ta, ya goge gindin tankin da tsumma, ya ɗauko maganaɗisu ya manna, bai kama ba. Ya ce "ɗana, tagulla ce aka shafa wa farin ƙarfe, alama mai kyau, amma kar ka yi murna tukuna don wasu na Sin ma tagulla ne." Daga nan ya nuna min rubutun da aka buga a jikin tankin, Petromax 829, 500 CP, Made in Germany, da wasu lambobi ƙanana da aka karta a ƙasa waɗanda ni da idona ban taɓa lura da su ba. A cewarsa hula ba shaida ba ce, hula da gilas da famfo duk ana musanya su tunda Butterfly da Anchor kwaikwayon Petromax aka yi, kayansu da yawa suna shiga juna. Tanki shi ne fitila.

To a nan murnata ta ragu. Tankin na Jamus ne, hular ma haka, amma bututun tsakiya da ke mayar da kananzir tururi na Sin ne, gilas ɗin kuma ba na asali ba ne, na asalin yakan zo da tambarin Schott. Wato Baba ya yi ta canza mata kaya tsawon shekaru kamar yadda kowa yake yi. Kuma 829 ba ta cikin masu wuyar samu, an ƙera ta da yawan gaske. Dattijon ya ce waɗanda ake rububi su ne na kafin yaƙin duniya na biyu, lokacin kamfanin Ehrich & Graetz yana Berlin, mai kamfanin Max Graetz shi ya ƙirƙiro ta tun 1910, sunan ma daga nasa aka ciro. Ni dai moto ta tafi.

Ya nuna min wata Tilley ta Ingila da ya ce daga Yola aka kawo masa, famfonta a saman tanki yake, sai wata jar Coleman ta Amurka, ita wata da shekarar da aka ƙera ta suna buge a gindinta ba sai an yi gardama ba. Irin jar nan farin mai take sha ba kananzir ba.

Yanzu aikin nasa. Ya canza fatar famfo, ya sa sabuwar allura da kan da mai ke fita, ya wanke tankin, roba ta murfi ma ta bushe ya yanko wata. Sefa dubu 6 ya karɓa har da manshon, wato ragar da ke ba da hasken, guda uku, ban ga tsada ba. Abin da ya ɓata min rai shi ne lokaci, ya ce kwana huɗu, sai da na yi sati uku ina sintiri, yau ya tafi jana'iza gobe allura ba ta iso daga Kuseri ba. Sannan ya goge min tankin da wani abu mai kaushi har ya bar ƙananan zane, ban sa shi ba, kuma daga baya na ji masu tarawa sun fi son a bar tsufan yadda yake. Nan kam ya yi min ba daidai ba.

Amma haske wallahi ba magana. Lita ɗaya tana kai ni wajen awa 8, tsakar gida fes har yaran maƙwabta suna zuwa yin karatu. Sai dai tana huci kamar kububuwa, tana da zafi, cikin ɗaki a watan Afrilu ba ta zaunuwa, kuma sai ka riƙa ƙara mata iska lokaci lokaci. Kunna ta ma sai da koyo, ranar farko ban bari bututun ya yi zafi ba na buɗe mai, wuta ta tashi ja da baƙin hayaƙi har uwargida ta ruga da bokiti. Manshon kuwa da zarar ya ƙone toka ne, ka ɗan girgiza ya zube.

Abu ɗaya da ya ja min kunne a kai har sau uku, kar in kuskura in zuba mata zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin hanya. Mu nan muna ce wa kananzir pitirol, baƙo daga Najeriya in ya ji sai ya ɗauka fetur ake nufi, to kananzir kaɗai.

Aikin hannu na ba shi 8 cikin 10, cika alkawari 3. Wanda yake da irinta a gida ya kai masa, amma ya faɗa masa tun farko kar ya goge. Tawa kam na fasa sayarwa, tana rataye a ƙusar da Baba yake rataye ta.