Ranar da aka juye mu a jirgin wani kamfani a Manchester

Jama'ar gida, ina gaisuwa. Kun sha tambayata abin da ya fi burge ni a Ingila, ni kuma na sha kewaye tambayar, don yawancin abin da ake zuzutawa, da ka zauna sai ka ga ba haka yake ba. Likita sai ka yi wata da watanni kana jiran layinsa. Jirgin ƙasa ga tsada ga latti. Amma akwai abin da ya same ni a filin jirgin Manchester wanda har yau ina juya shi a raina.

Bikin ƙanwata zan zo. Na sayi tikiti tun da wuri a hannun wani kamfanin Turai, wanda zai kai mu garinsu mu canza jirgi zuwa Abuja. Mun auna kaya, mun wuce bincike, muna zaune a bakin ƙofa, sai aka ce jirgin ya sami matsalar inji. Aka ce mu ƙara haƙuri. Can sai allo ya nuna an soke tashin gaba ɗaya. Gabana ya faɗi, don ɗaurin aure ba ya jiran wanda ke hanya.

A layin kantar kamfanin na haɗu da wata dattijuwa Bakatsiniya, ta zo zaman jegon 'yarta za ta koma. Ba ta jin Turanci, 'yar kuma ta riga ta koma gida da jariri. Da ta ji ina waya da Hausa sai ta riƙe hannun rigata.

"Ɗan nan, don Allah kada ka bar ni. Me suka ce?"

"Hajiya, sun ce jirgin ba zai tashi ba. Ki kawo fasfonki mu je tare."

"To nawa za su ce mu ƙara? Ni fa abin da ke jakata bai taka kara ya karya ba."

Ni ma lissafin da nake yi ke nan. Da muka isa gaban ma'aikaciyar, ta daɗe tana danne-danne a kwamfuta, ta ce jirginsu na gobe ya cika, na jibi ma haka. Har na buɗe baki zan fara roƙo irin namu, sai ta ce ta samo mana kujera biyu a jirgin wani kamfani daban, zai tashi da dare, ta wani gari, ya sauke mu a Abujar. Kamfanin nan kuwa abokin hamayyarsu ne na ƙut da ƙut, fasinja ɗaya suke wawaso a wannan hanya. Na ce nawa za mu cika? Ta ɗago ta dube ni kamar na yi wani yare, ta ce ba ko sisi. Ta buga sabon tikiti ta miƙo, ta ce kayanmu za su bi mu. Da na faɗa wa Hajiya ba ta yarda ba. Ta ce in sake tambaya, kada sai mun je ƙofar jirgi a ce ba a san da mu ba. Ban ga laifinta ba, rayuwa ce ta koya mata.

Kada ku ɗauka komai ya tafi sumul. Layin nan mun sha tsayuwa har ƙafa ta yi tsami, ma'aikata biyu kacal ga mutum sama da ɗari. Takardar abincin da suka ba mu, biredi mai sanyi da ruwan gora kawai ta iya saya a tsadar filin jirgi, naman ciki kuma ba wanda zai ce maka ga yadda aka yanka shi, don haka cuku muka ci. Wayarsu kuwa in ka kira, kiɗa za a sa maka har cajinka ya ƙare. Abin da ya fi damuna shi ne shirun wurin. Mutum ɗari cikin damuwa ɗaya, kowa ya kafa kai a waya, ba sannu ba yaya aka yi. Na tuna Kano lokacin hazo, in jirgi ya ƙi tashi. Kafin la'asar an zama dangi, wani ya buɗe ƙullin kilishi, wata ta raba dabino, an yi jam'i, an zagi kamfani tare, an yi musayar lamba. A nan an warware mana matsala amma ba wanda ya ce mana sannu. A can ana ce maka sannu har ka gaji, matsalar kuma tana nan inda ka bar ta.

Daga baya na bi diddigi, don ni dai ban yarda ɗan kasuwa yana ɗaukar fasinjan wani saboda Allah ba. Ashe doka ce. Tarayyar Turai ta yi ta a 2004, mai lamba 261, Birtaniya kuma ta riƙe ta bayan ta fice daga tarayyar. In kamfani ya soke tashi, ko dai ya mayar maka da kuɗinka ko ya kai ka inda za ka a dama ta farko da ta samu, zaɓin kuma naka ne. In damar a jirgin wani take, shi zai saya maka kujerar. Kafin nan cinka da makwancinka suna wuyansa. In laifin nasa ne, kamar lalacewar inji, akwai diyya a kai: fam 220 a gajeriyar tafiya, 350 a matsakaiciya, 520 a doguwa irin tamu in lattin ya haura awa huɗu. In hadari ne ko dusar ƙanƙara ba diyya, amma abinci da otal suna nan daram. Su kuma manyan kamfanonin suna da yarjejeniya a tsakaninsu ta karɓar tikitin juna, su yi lissafi daga baya. Ke nan wanda ya ɗauke mu bai yi asara ba, ya sayar da kujerun da za su tafi fanko ne. Diyyar tawa na cike takarda a intanet, suka yi ta jan ƙafa, sai da na ambaci lambar dokar a wasiƙa ta gaba kafin kuɗin ya faɗo.

Inda abin ya fi ba ni mamaki shi ne in kamfanin ya mutu ɗungurungum, ba wanda za ka riƙe. Ranar 2 ga Oktoba 2017 kamfanin jirgin Birtaniya mai suna Monarch ya durƙushe, fasinjojinsa kusan 110,000 suna ƙasashen waje. Gwamnati ta sa hukumar jiragen sama ta yi hayar jirage, har da na Qatar Airways, aka kwaso su ba tare da sun biya ba. A Satumbar 2019 sai ga Thomas Cook, kamfanin tafiye-tafiyen hutu mai shekara 178, ya faɗi da 'yan Birtaniya wajen 150,000 a waje. Har ƙaton jirgin Malaysia Airlines mai hawa biyu aka ɗauko yana jigila zuwa nan Manchester. Wani ɓangare na kuɗin ya fito ne daga asusun tsarin kariyar matafiya da ake kira ATOL, inda ake zuba fam biyu da rabi a kan duk wanda ya sayi tafiyar hutu a dunƙule. Da wani kamfanin jirgin, Flybe, ya faɗi a Maris 2020, kamfanonin jirgin ƙasa cewa suka yi duk mai tikitinsa ya hau kyauta. Da ya sake faɗuwa a Janairun 2023, British Airways da easyJet da Ryanair suka fitar da farashi mai rahusa don waɗanda suka maƙale. A daidai lokacin kuma wasunsu suna kiran ma'aikatan mamacin su zo neman aiki. Ta'aziyya ake yi, ana leƙen gado.

Ba ko'ina abin yake tafiya da kansa ba. A Amurka, ƙarshen Disambar 2022, guguwar sanyi ta hargitsa tsarin kamfanin jirgin Southwest, ya soke tashi kusan 17,000, mutum wajen miliyan biyu suka rasa na yi a tsakiyar hutun Kirsimeti. Shi a lokacin ba shi da waccan yarjejeniyar ta karɓar tikitin juna da sauran manyan, don haka bai iya juye mutanensa ba. Farashi ya fara hawa, ministan sufuri na lokacin, Pete Buttigieg, ya fito ya yi magana, United da American da Delta suka sa wa farashinsu iyaka a garuruwan da abin ya shafa. Bayan shekara guda aka ci tarar Southwest dala miliyan 140.

To mu dawo gida. Abin haushin shi ne wannan ɗabi'a ba baƙuwarmu ba ce. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Kano zuwa Kaduna ta lalace a Kwanar Dangora ya san abin da ke biyo baya. Direba zai tsaya a bakin titi ya ɗaga wa ɗan'uwansa hannu, su yi ciniki a gefe, ya juye fasinjansa, ya biya daga abin da ya karɓa. In ya ƙi, akwai 'yan ƙungiya a tasha da za su ji dalili. Direban da bai yi boko ba ya san wanda ya ɗauko amana ce har sai ya sauke shi. Amma shiga filin jirginmu, wurin masu kwat da lakataya. A soke tashi, ma'aikata su ɓace daga kanta. Ka taka zuwa kantar da ke kusa, a ce maka kujera ta ƙare, sai ta masu kuɗi. Kafin ka juya wani ya raɗa maka cewa yana da hanya in za ka ninka. Kuɗinka na farko kuma sai ka bi shi har ka manta.

A Afrilun 2024 aka dakatar da Dana Air bayan jirginsa ya zame daga titin sauka a Legas. Dakatarwar ba laifi, rai ya fi komai. Amma masu tikiti watanni suka yi suna neman kuɗinsu. Alhali tun Maris 2022 kamfanoni shida, Air Peace da Azman da Max Air da Arik da Aero da United Nigeria, suka sa hannu a wani ƙawance mai suna Spring Alliance, don su riƙa ɗaukar fasinjan juna in an sami tangarɗa. Takarda ta yi kyau. Labarin da ke zuwa mana daga masu kwana a benci dai bai canza ba.

Ba rowa ce ke damunmu ba. A 2019 Air Peace ya kwaso 'yan Najeriya kyauta daga Afirka ta Kudu lokacin da ake far wa baƙi, a 2023 ma ya shiga aikin kwaso waɗanda suka tsero daga yaƙin Sudan, cikinsu har da ɗalibanmu na Arewa da yawa. Allah ya saka. Sai dai wannan zuciyar mutum ɗaya ce. Ranar da bai ga dama ba, ba ka da abin da za ka ɗaga ka ce haƙƙina ne.

Mu fasinjoji ma da namu. Muna da iri biyu. Akwai mai dukan tebur yana tambayar yarinyar da ke aiki a kantar ko ta san shi wane ne, har a ɗauke shi a waya ya zaga duniya. Akwai kuma mai cewa wani jinkirin alheri ne, ya naɗe tabarmarsa ya tafi gida. Gaskiya ne, amma yarda da ƙaddara bai hana ka karɓi kuɗinka ba. Dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, suna da sashe na 19 kan haƙƙin fasinja: abin taɓawa in jira ya yi tsawo, otal in dare ya yi, mayar da kuɗi cikin kwana 14 ga wanda ya saya ta intanet. Hukumar tana da jami'ai a filayen jirgi don karɓar koke. Lokacin hazo na nan tafe, za a soke tashi a Kano da Sakkwato da Maiduguri kamar kowace shekara. Mai dukan tebur zai doka, mai haƙuri zai haƙura, a cikinsu da wuya ka sami wanda ya adana tikitinsa ya zauna ya rubuta ƙorafi.