Wata takwas da fiyanon Yamaha PSR-E473

Wata takwas ke nan ina kiɗa da Yamaha PSR-E473 a ɗan situdiyona na Mabera, nan Sakkwato, kuma shi nake ɗauka zuwa gidajen biki. Madannai 61 gare shi, masu jin nauyin yatsa: ka taɓa a hankali ya yi raɗa, ka danna da ƙarfi ya ɗaga murya. Muryoyinsa 820 ne, amma waɗanda nake aiki da su kullum ba su wuce goma ba.

Abin da ya fi sace mini zuciya shi ne 'yar tayar da ke gefen hagu. Da babban yatsa ake tura ta, sauti ya lanƙwashe sama ko ƙasa. Kiɗanmu ba ya tafiya a miƙe. Mai goge jan sauti yake yi, haka ma mai algaita. Ran nan na sa muryar sarewa ina murza tayar kaɗan-kaɗan, sai wani dattijo maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Ɗana, wa ke busa a nan?"

Feda kuwa daban na saye ta. A fiyanon katako feda uku ne, ta dama ita ke ɗaga 'yan matasan da ke danne wayoyi, sauti ya ci gaba da amo bayan ka ɗauke hannu. A wannan na lantarki makunni ne kawai ƙarƙashin ƙafa, amma wallahi ba ta, waƙar soyayya a bushe take fita. Sai dai a riƙa ɗaga ƙafa duk sanda aka sauya kiɗa, in ba haka ba sautuka su cakuɗe kamar kunu.

Fedar farko da na saya a wani shago, marar suna ce mai araha, a juye take aiki: in na taka sauti ya yanke, in na saki ya zarce. Wani abokin sana'a ya ce in kashe fiyanon, in bar fedar a jone ba tare da na taka ta ba, sannan in kunna. Nan take ta daidaita.

Yana cin batir 6, don haka ɗauke wuta ba ya tsayar mini da biki. Lokacin hunturu zanen atamfa nake lulluɓa masa saboda ƙura, fedar kuma in ƙulle ta a leda.