Sharhi: bakan Zhuge na katako da ake harhaɗawa a gida

A bayan kwalin an rubuta cewa Zhuge Liang ne ya ƙirƙiro wannan baka mai harba kibau a jere, kuma wannan kuskure ne. An tono irinsa a wani kabari na tsohuwar ƙasar Chu, a lardin Hubei na ƙasar Sin ta yau, wanda ya girmi Zhuge da ɗaruruwan shekaru. Shi wazirin daular Shu Han, wanda aka haifa a shekara ta 181 miladiyya ya rasu a sansanin yaƙi na Wuzhang a 234, gyara makamin ya yi, kuma tarihi ya ce nasa kibau goma na ƙarfe yake saki. Siffar da ke cikin kwalin nan ta zamanin daular Ming ce. Sunan dai ya bi shi, kamar yadda fitilar takarda mai tashi sama ta ɗauki laƙabinsa na Kongming.

Kayan kansa ya burge ni. Sassa huɗu ne manya: ƙota, baka na gora, kwarin da ke zaune a saman ƙotar mai cin kibau goma, da mariƙin da ke haɗa su. In ka tura mariƙin gaba, kwarin zai zame har tsirkiya ta faɗa wata ƴar tsaga da ke bayansa. In ka ja baya, bakan ya ɗame, kwarin ya sauko kan ƙota, wani ɗan fegi ya tunkuɗo tsirkiyar daga tsagar, kibiya ta fita, ta sama ta faɗo gurbinta. Babu kunama, babu sifirin.

Wannan ɗan fegin shi ne ran abin, kuma takardar umarni ta yi masa riƙon sakainar kashi. Dole ya riƙa motsi sama da ƙasa a sake. Ɗigon gam ɗaya a raminsa ya isa ya sa ka ja mariƙi har ƙarshe tsirkiya ta ƙi fita. A goge shi da samfefa mai laushi, a gwada shi kafin a manne ɓangarorin kwarin biyu, domin bayan an manne sai dai a fasa.

Sai hanyar tsirkiya. Gefenta yana zuwa da kaifi, yana cin zaren. A goge, a shafa kyandir. Kibau kuwa ba su da gashi, don su iya faɗowa ɗaya bayan ɗaya, saboda haka duk wadda ta ɗan lanƙwashe za ta toshe na samanta. A mirgina kowace a kan tebur, wadda ta yi tangaɗi a ware ta. Da damina katakon kan kumbura kwarin ya matse, da hunturu gorar kan bushe, don haka a kwance tsirkiya in an gama.

Kada a sa ran saiti ko nisa. Kwarin ya tare ido, ga girgizar mariƙi. Haka na asalin ma yake, shi ya sa masu tsaron ganuwa da gidaje a Sin suka riƙa shafa wa kibau dafi.

Ga malamin tarihi ko na kimiyya, ya ci kuɗinsa. Ga yaro ɗan ƙasa da shekara goma sha biyu kuwa, sai da babba a kusa, domin kibiyar katako ma tana tsone ido.