Sharhi a Kan Linzamin Logitech G102: Abin da Ya Gyara a Saitin Harbi da Abin da Bai Taɓa Ba

Duk wanda ya jima yana wasan harbi a kwamfuta ya san kuskuren saiti iri biyu ne. Akwai wanda mutum yake ji a jikinsa cewa gaggawarsa ce ta jawo, akwai kuma wanda hannu ya yi aikinsa daidai amma alamar saiti ta tafi inda ba a aike ta ba. Irin na biyun ne ya sa na sayi linzamin kwamfuta na Logitech G102 Lightsync a wani shago da ke Adum, nan Kumasi, kuma na yi amfani da shi tun daga ƙarshen damina har hunturu ya wuce, galibi a wasan Counter-Strike 2 wanda kamfanin Valve ya fitar a watan Satumba na 2023. Hukuncina a kansa shi ne ya cancanci kuɗinsa, amma dalilin cancantar ba ya cikin manyan lambobin da aka buga a jikin kwalinsa, kuma akwai matsalolin saiti da dama waɗanda ko da wane linzami mutum ya saya zai same su suna nan suna jiransa.

Wanda nake riƙe da shi a da irin na ofis ne, marar suna, wanda ake haɗa wa mai sayen tsohuwar kwamfuta kyauta. A aikin rubutu da buɗe shafuka bai taɓa ba ni matsala ba. A cikin wasa kuwa, da zarar na fizge shi da sauri don in juya wa wanda ya biyo ni ta baya, sai idon da ke ƙasansa ya rasa gane inda yake, in ga bindigata tana kallon sama ko tana kallon ƙasa. Idan kuma na ja shi a hankali ƙwarai don in ɗora alamar a kan wanda ke nesa, sai ta riƙa tsalle, ta ƙetare shi ta dama, in dawo da ita ta ƙetare shi ta hagu.

Akwai gwajin da nake ba kowa shawarar ya yi kafin ya fitar da ko sidi ɗaya, domin rula da littafi kawai yake buƙata. A shiga filin atisaye na wasan, a ɗora alamar saiti a kan kusurwar wani bango, a jingina gefen linzamin da littafi mai nauyi, sannan a ja shi a hankali zuwa dama kamar santimita 20, a dawo da shi da sauri har ya sake taɓa littafin. Idan alamar ta koma kan kusurwar da ta baro, ko kusa da ita sosai, to linzamin yana faɗin gaskiya. Idan ta tsaya nesa, kuma duk maimaitawa wurin tsayawarta daban, to akwai abin da ke shiga tsakanin hannu da wasa. Tsohon nawa bai taɓa komawa wuri ɗaya sau biyu a jere ba. G102 kuwa yana komawa, ko na yi a hankali ko na fizga, kuma wannan ɗabi'ar ce kaɗai ta sa nake cewa ya biya kuɗinsa. Hannu yana koyon saiti ne ta hanyar maimaici, yana haddace cewa motsi kaza yana juya ni kaza, saboda haka na'urar da ke ba da amsa daban-daban ga motsi iri ɗaya tana rushe abin da aka koya kowace rana.

Bambanci na biyu da na ji tun daren farko shi ne yawan saƙon da yake aika wa kwamfuta. Galibin na ofis sau 125 suke sanar da matsayinsu a cikin daƙiƙa guda, wato tsakanin saƙo da saƙo akwai milisakan 8, shi kuwa wannan yana kaiwa sau 1000, milisakan ɗaya ke nan. A kan takarda abin kamar ba shi da girma, amma wajen bin abokin hamayya da ke gudu a gicciye ana ganinsa sarai, domin alamar tana tafiya sumul maimakon taku-taku.

Inda masu saye suka fi ruɗewa shi ne maganar DPI, wato yawan ƙidayar da idon ke yi idan an ja shi inci ɗaya. An rubuta cewa G102 yana kaiwa 8000, masu shago kuma da wannan lambar suke tallarsa, alhali ni a 800 na ajiye nawa, ban kuma ga buƙatar ɗaga shi ba. Lissafin a bayyane yake. A Counter-Strike kowace ƙidaya ɗaya tana juya mai wasa digiri 0.022 idan saurin da aka zaɓa a cikin wasan 1 ne, don haka DPI 800 da sauri 1.2 suna nufin sai na ja linzamin kimanin santimita 43 kafin in yi cikakken juyi in dawo inda na fara. Wani ƙanena da ke zuwa daga Aboabo ya yi wasa a wurina ya saba da DPI 3200 da sauri 2, wanda ke nufin santimita shida da rabi kacal ke juya shi gaba ɗaya. A irin wannan tsari, kan abokin hamayya da ke can ƙarshen layi bai kai faɗin motsin da bugun zuciya ke sa yatsa ya yi ba. Da ya zauna a kan nawa sai ya ce, "Yaya, ai wannan naka nauyi ne da shi, kafin in juya an gama da ni." Gaskiyarsa ce a makon farko, domin wanda ya saba saiti da wuyan hannu kaɗai dole ya koyi tura hannun duka daga gwiwar hannu, ya bar wa yatsu ƙaramin gyara na ƙarshe. Ban ce lallai kowa ya koma santimita 43 ba, akwai gwanayen da suke wasa da sauri fiye da haka, amma wanda alamarsa ke rawa a kan abin da yake hari ya fara rage saurin nan da rabi kafin ya zargi na'urarsa. Ya kuma zaɓi lamba ɗaya ya zauna a kanta, domin mai canza sauri duk lokacin da aka ci shi kamar mai ɗinki ne da ke canza tef ɗin awo a tsakiyar riga.

Wannan ya kai ni ga maɓallin da ke bayan tayar da ke saman linzamin, wanda aikinsa canza DPI. A tsakiyar artabu yatsa na iya taɓa shi ba da niyya ba, mutum ya ga saitinsa ya haukace bai san dalili ba. A manhajar G HUB ta kamfanin na share sauran matakan na bar 800 kaɗai, ta yadda ko an danna shi babu abin da ke sauyawa.

Rage sauri yana buƙatar fili, kuma a nan ne na ƙara kashe kuɗi a kan shimfiɗar yadi mai faɗin kusan santimita 45. Teburan da kafintocinmu ke yi da fomaika mai sheƙi, da waɗanda aka ɗora wa gilashi, suna rikita idon linzami, domin shi hotunan saman da yake tafiya a kai yake ɗauka yana gwada na yanzu da na baya, idan kuma saman ya zama santsi mai walƙiya sai ya rasa abin kamawa. Sai kuma ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu, wanda ɗakinsa ke kusa da titi a Asawase ko Sabon Zongo ya san abin da nake nufi, ƙurar takan kwanta a kan yadin ta sa jan ya yi nauyi a tsakiya inda aka fi gogawa, ya yi santsi a gefe, zufar hannu kuma ta ƙara manne ta. Ina kife shimfiɗar idan na tashi, ina wanke ta da ruwa da ɗan sabulu idan ta yi datti, ina kuma hura ramin idon lokaci-lokaci, saboda silin gashi ɗaya da ya maƙale a wurin ya isa ya sa alamar ta riƙa karkarwa ko ta tafi da kanta.

Akwai shawarar da kowa ke bayarwa, cewa a shiga tsare-tsaren linzami na Windows a cire alamar da ke akwatin Enhance pointer precision. Abin da wannan akwati ke yi shi ne ƙara nisan tafiyar kibiya gwargwadon saurin hannu, wato dai ainihin abin da gwajin rula ke tonawa. Na cire, kuma ina ganin kowa ya cire, amma ya kamata a san iyakar amfaninsa. Counter-Strike 2 yana karɓar motsi kai tsaye daga linzami ba tare da ya bi ta wannan tacewar ba, saboda haka cirewar ba za ta sauya komai a cikinsa ba. Tsofaffin wasannin da har yanzu ake bugawa a ɗakunan wasa na unguwa, waɗanda ke karɓar motsin ta hannun Windows, su ne abin ya fi shafa.

Abin da sabon linzami bai taɓa ba ko kaɗan shi ne jinkirin da ke fitowa daga kwamfutar kanta. Allo mai sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa yana ɗaukar milisakan 16.7 tsakanin hoto da hoto, mai 144 kuma kusan 7, don haka saƙo dubu da linzami ke aikawa dole su jira allon. Idan an kunna V-Sync, wato tsarin da ke sa wasa ya jira allo kafin ya fitar da sabon hoto, jiran yana ƙaruwa har hannu ya ji kamar yana jan alamar a cikin ruwa, kuma kashe shi ya fi komai saurin nuna sakamako a duk abin da na gwada. Masu haɗa kwamfuta da talabijin, kamar yadda aka saba a ɗakunan wasa, su nemi tsarin da aka ware don wasa a cikin talabijin ɗin, domin gyaran hoton da yake yi kafin ya nuna yana cin lokaci. Mai laftof kuma yana da tasa matsalar: da zarar an ɗauke wuta ta koma kan batir, tana rage ƙarfinta don ta daɗe, yawan hotunan ya faɗi, saiti ya yi nauyi nan take. Na ga wanda ya rantse cewa linzaminsa na lalacewa duk daren dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, alhali caja ce ta daina ba da wuta. Zafin rana ma yana yin haka ga laftof ɗin da ƙura ta toshe wa fanka.

Jinkirin intanet wani abu ne daban, kuma yana da kyau a iya bambance su. Mu a Ghana wasa yakan haɗa mu da uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, da ke Turai ko Afirka ta Kudu, tafiyar kuma da nisa. Wannan jinkirin ba ya taɓa motsin alamar saiti, domin a kan kwamfutarka ake zana ta, alamominsa su ne ka ga abokin hamayya ya ɓace ya bayyana a gaba, ko ka shige bayan bango sannan a ce an kashe ka. Idan alamar na bin hannunka da kyau amma sakamakon harbin ne ke makara, to a layi za ka nemi gyara, kuma waya daga rauta, wato na'urar da ke raba intanet, zuwa kwamfuta ta fi Wi-Fi tsayuwa.

Sai dokokin wasan kansa, waɗanda sababbin shiga ke ɗauka laifin na'ura ne. A Counter-Strike wanda ya yi harbi yana tafiya harsashinsa watsewa yake yi ko da alamar na tsakiyar goshi, dole ya tsaya cak kafin ya danna. AK-47 kuma idan aka riƙe kunamarta tana haurawa sama sannan ta riƙa karkata hagu da dama, sai an koyi jan linzami ƙasa don a danne ta. G102 ya sauƙaƙa mini koyon wannan jan saboda amsarsa ba ta canzawa, amma koyon sai da na zauna na yi.

Game da jikinsa, nauyinsa giram 85 ne, tsawonsa bai kai santimita 12 ba, yana da maɓallai shida, wayarsa kuma ta ɗan haura mita biyu. Ya dace da matsakaicin hannu da mai riƙo da yatsu, amma mai babban tafi da ke son ya kwantar da hannunsa duka ya gwada riƙe shi a shago kafin ya biya. Maɓallan gefe a hagu suke, don haka bahago ba zai more su ba. Wayar ta roba ce, idan aka bar ta tana lilo a bayan tebur nauyinta na jan linzamin baya, ni kuwa na manne ta da salatif a ƙasan allo na bar mata sakin da ya isa juyi. Fitilar mai launuka na kashe ta, ba ta ƙara komai a saiti.

Babban abin tsoro ga mai saye shi ne jabu, domin wannan samfurin yana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, kuma kwalin jabun da fitilarsa suna kama da na gaske ƙwarai, idon ciki ne na banza, wanda zai mayar da mutum ga matsalar da ya gudo mata. Idan farashin ya yi ƙasa sosai da na sauran shagunan Adum, wannan kaɗai abin tuhuma ne. Ni da laftof ɗina na je, da G HUB a kanta, na ce wa mai shagon, "Alhaji, a yi mini izini in jona shi tukuna," ya kuwa yarda ba gardama. Na gaske manhajar na gane shi ta nuna sunansa da hotonsa, ta bar ka ka canza DPI da yawan saƙo, jabu kuwa galibi ba ta ganinsa sam. A wasu ƙasashe ana sayar da wannan linzamin da sunan G203, saboda haka wanda ɗan'uwa ya aiko masa da shi daga Amurka ko Ingila ya ga wannan lambar a kwali kada ya ɗauka an yi masa musanya.