Faifan Messiah na Hogwood da kayan kiɗan zamanin Handel, ga abin da kunnena ya ji

Wajen sati uku ke nan ina ta juya faifan Messiah ɗin nan, wato doguwar waƙar da marubucin kiɗa George Frideric Handel ya rubuta kan Almasihu, da Christopher Hogwood ya jagoranta, wanda ya fito a 1980, kuma gaskiya ya canja min yadda nake jin waƙar gaba ɗaya. Ni da ma da irin manyan kwaya ɗin nan, wato ƙungiyoyin mawaƙa, na saba, mutum ɗaruruwa su buɗe maƙogwaro lokaci guda har ka ji ƙirjinka na rawa, to ranar farko da na kunna wannan sai na ji abin kamar ba ƙarfi, na ce anya kuwa? Sai da na kai wajen waƙar da aka ɗauko daga Ishaya 9:6, inda ake cewa an haifa mana yaro, a nan ne na yi tsit.

Wurin nan akwai doguwar jan murya mai sauri wadda kowane rukuni ke karɓa daga wani, a babbar kwaya duk cakuɗewa take yi ta zama guguwa kawai, amma a nan yaran kwayar cocin Christ Church ta Oxford ne da manyan maza kaɗan, kana jin kowace murya daban, wa ya fara, wa ya amsa, kuma kalmomin suna fita tas. Wannan shi ne ya fi taɓa ni, don kalmomin nan duk Charles Jennens, wanda ya tsara wa Handel kalmomin waƙar, daga Littafi Mai Tsarki ya tsamo su, an rubuta su ne don a ji abin da suke faɗa.

Handel ya rubuta waƙar a 1741 cikin kwana 24, aka fara rera ta a Dublin a watan Afrilun 1742 da 'yan mawaƙa kaɗan. Daga baya ne abin ya yi ta kumbura, a 1784 sama da mutum 500 suka yi ta a cocin Westminster Abbey da ke Landan, shahararren marubucin kiɗa Mozart ya ƙara mata kayan busa a 1789, zuwa 1857 kuma an kai mawaƙa wajen dubu biyu a babban zauren Crystal Palace na Landan. To taron da ya kai haka dole a ja tafiyar a hankali, in ba haka ba na gaba da na baya ba za su haɗu ba, shi ya sa da yawanmu muka ɗauka waƙar mai nauyi ce alhali wasu wuraren ma kamar rawa suke.

Kayan kiɗan ƙungiyar Academy of Ancient Music, wadda ta yi kiɗan wannan faifan, su ma irin na da ne. Tsirkiyar gogen nasu ta hanjin dabba ce ba ta ƙarfe ba, sautin na da ɗan kaushi mai daɗi kuma baya danne mawaƙa. Kakakin ba shi da maɓallai, galibi da leɓe ake sarrafa shi, ka saurari inda David Thomas ke rera batun busa ƙaho da tashin matattu ka ji yadda murya da kakaki ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Masu wannan salon yawanci suna ɗan sauke sautin ƙasa, 415 a ma'aunin tsayin sauti maimakon 440 da aka saba yanzu. Ita kuwa Emma Kirkby muryarta a miƙe take ba wannan karkarwar ta 'yan opera, wasu na cewa ta yi sanyi da yawa, ni dai ta shige ni.

Amma fa ba komai ne ya gamsar da ni ba. Wajen Halleluya har yanzu ina kewar wannan tsawar ta babban taro, muryar yara akwai iyakar inda take kaiwa, kuma in kana cikin hayaniya ko da ƙaramar sifika kake ji to rabin daɗin ya tafi, sai ka sa iyafis mai kyau ka zauna wuri shiru. Sannan kar a ce maka wannan ne ainihin yadda Handel ya so ta, shi kansa ya sha canja ta gwargwadon mawaƙan da ya samu, Hogwood ya bi tsarin da aka yi a 1754 ne a gidan marayu na Foundling da ke Landan, zaɓi ne guda cikin da yawa.

Wanda zai saya ina ba shi shawara ya nemi cikakken faifan ba guntayen da ake tsinkowa ba, ya fi awa biyu, kuma kashi na biyu inda ake ba da labarin shan wahalar Almasihu shi ne inda ƙarancin mutanen ya fi amfani, Carolyn Watkinson na rera yadda aka raina shi aka ƙi shi, goge na amsa mata a hankali, har numfashinta kana ji.