Mildot Master: katin lissafin harbin nesa da ba ya cin batir

Wanda ya saba da na'urar lesa mai auna nisa da manhajar waya, in aka miƙa masa Mildot Master zai ɗauka wasa ake. Katin roba ne mai sashe a tsakiya da ake turawa, irin rular lissafin injiniyoyi kafin zuwan kalkuleta. Na daɗe ina aiki da shi a filin harbin farantan ƙarfe, kuma a ganina ya fi amfani wajen koyo fiye da wajen gasa.

Komai nasa a kan mil ya dogara, wato ma'aunin kusurwa da ya yi daidai da tazarar da ke tsakanin tsakiyar ɗigo ɗaya da na gaba a cikin madubin bindiga. Mil ɗaya yana rufe santimita 10 a nisan mita 100, mita ɗaya a nisan mita 1000. In ka san faɗin faranti a mita, ka ninka da 1000, ka raba da yawan mil ɗin da ya cika, nisa ya fito. Faranti mai rabin mita da ya cika mil ɗaya yana mita 500. Katin yana yin wannan rabawar nan take, yana kuma juya faɗuwar harsashi zuwa mil ko MOA (wani ma'aunin kusurwa da ya fi mil ƙanƙanta) don ka san yadda za ka murɗa madubi. In ka rataya masa zare da ɗan nauyi, yana nuna gangaren wuri: a digiri 30, mita 600 kan zama kamar 520 wajen gyaran faɗuwa, ko sama kake harbi ko ƙasa.

Inda ya fi burge ni shi ne yadda yake tona asirin ido. Wannan farantin mai rabin mita, in ka karanta shi mil 0.6, yana mita 833. In ka ce 0.7, ya dawo 714. Kuskuren da bai kai kaurin ɗigo ba ya cinye kusan mita 120, a daidai inda harsashi ya rage gudu yana faɗuwa da sauri. Lesa tana ɓoye wa mutum wannan, domin lamba kawai take bayarwa. Da katin, dole ka kafa bindiga sosai, ka karanta sau biyu, ka zaɓi gefen faranti da ya fi fitowa fili.

Amma kada mai saye ya yi zaton katin ya san bindigarsa. Bai san nauyin harsashinka ba, bai san saurin fitarsa daga baki ba. Teburin faɗuwa kai za ka haɗa shi da harbi a nisa daban-daban, ka rubuta, ka manna a baya. Teburin ranar sanyi kuwa ba zai yi daidai ranar zafi ko a kan tudu ba, saboda iska ta fi sauƙi a can, harsashi bai cika faɗuwa ba. Ƙarfin iskar gefe ma sai dai ka karanto shi daga ciyawa da rawar zafi a madubi.

Ƙorafina biyu ne: rubutunsa ƙanana ne, da magariba sai an ƙura ido, kuma ba shi da amfani in ba ka san girman abin da kake auna ba. A gasar da ake ƙirga daƙiƙa, lesa zan ɗauka. Sabon mai koyo kuwa, zan ce ya fara da katin har ƙiyasinsa ya riƙa zuwa kusa da na na'ura kafin ya kunna ta.